Mas'alar Dukiya Mai Haihuwa da Haƙƙin da Ke Kanta

Da sunan Allah muke farawa, Shi ne Mai arzutawa, Mai bayarwa, Mai hanawa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajirai da fatake, wannan takarda ce a kan mas'ala guda wadda masana tattalin arziki na Turai da Amurka suka daɗe suna jayayya a kanta. Mas'alar ita ce: idan jama'a tana da haƙƙi a cikin dukiyar mutum, a ina ya kamata nauyin haƙƙin nan ya hau? A kan gumin mai aiki, ko a kan ribar mai juya kuɗi, ko kuwa a kan uwar kuɗin da aka tara? Kada ka ce wannan zancen masu mulki ne, babu ruwanka. Amsar da aka ba ta tana daga cikin abubuwan da ke sa ɗan dako ya haifi mai rumfa, ko kuwa ɗan dako ya haifi ɗan dako har jikoki.

Fasali na farko: bambancin gumi da jari

Ka sani, Allah Ya yi maka albarka, samun mutum iri biyu ne. Akwai wanda yake zuwa ta hanyar aikin jiki da na hankali, kamar ladan maɗinki da albashin malamin makaranta. Akwai kuma wanda dukiya ke haifarwa, kamar kuɗin hayar gida, da rabon masu hannun jari a kamfani, da tashin darajar fili. Cikin wannan kashi na biyu Turawa suna lissafa kuɗin ruwa, wanda shari'armu ta haramta. Sauran kuwa halal ne idan an bi sharuɗɗansu. Gumi yana da iyaka, domin yini ɗaya ne ga kowa, mai aiki kuma yana ciwo, yana tsufa. Dukiya ba ta ciwo, ba ta tsufa, tana haihuwa mai ita yana barci, abin da ta haifa kuma shi ma ya haihu.

Wani masani Bafaranshe, Tomas Piketi, ya tattara takardun haraji da na gado na Faransa da Ingila da Amurka, wasunsu na fiye da shekara 200, ya fitar da littafi a kan jari a 2013. Abin da ya gano shi ne, a mafi yawan zamunna dukiya tana ba mai ita kashi 4 zuwa 5 cikin 100 kowace shekara, alhali samun jama'a gaba ɗaya yana ƙaruwa da abin da ya gaza haka ƙwarai. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Abin da ke ƙaruwa da kashi 5 yakan ninka kansa cikin shekara 14 da 'yan watanni. Abin da ke ƙaruwa da kashi 1 sai ya yi shekara 70 kafin ya ninka sau ɗaya, a cikin shekara 70 ɗin nan kuwa na farkon ya zama ninki 30. Gaskiya ne mai dukiya yana ci daga cikinta, magada suna rabawa, yaƙi da gobara da karayar kasuwa suna cinyewa, kuma da wannan ne wasu masana suka yi wa Piketi raddi. Amma ga abin da ido ya gani: a lissafin babban bankin Amurka na 2024, mutum 1 cikin 100 na masu arzikin ƙasar suna riƙe da kimanin kashi 30 na dukiyarta, rabin jama'ar da ke ƙasa kuwa ba su kai ga kashi 3 ba.

Sa'an nan ka dubi yadda ake aza haraji a can. A 2011 attajirin Amurka Waran Bafet ya rubuta da hannunsa cewa abin da ya biya a shekarar da ta gabata kashi 17 ne da ɗoriya na samunsa, ma'aikata 20 da ke ofishinsa kuwa sun biya tsakanin kashi 33 da 41. Bai ɓoye kome ba, bai karya doka ba. Dokar ce ta sauƙaƙa wa samun jari ta tsananta wa albashi. Mai hankali ya tambayi zuciyarsa: da wane ma'auni ubangida zai ɗauki ƙaramin kaya, yaronsa ya ɗauki babba?

Fasali na biyu: tsanin da ɗan talaka ke hawa

Idan ka ce, ina laifi, tun da Allah ne Ya fifita wasu a kan wasu cikin arziki? Sai mu ce, fifiko gaskiya ne, hassada kuma haramun ce, ba mu neman a daidaita kowa da kowa. Abin tambaya shi ne ko ƙofa a buɗe take. Gari yana iya samun attajirai da matalauta ya zauna lafiya, muddin ɗan matalauci mai himma yana ganin tsanin da zai hau. Idan aka janye tsanin, fifiko ya koma gado kamar sarauta.

Masana sun auna wannan tsani. Wasu biyu na babban bankin Italiya, Barone da Moceti, sun ɗauki littafin harajin birnin Fulorens na 1427 suka gwama shi da na 2011 ta hanyar sunayen zuriya. Suka tarar zuriyar waɗanda ke sama a wancan zamani, a dunƙule, har yanzu sun fi zuriyar na ƙasa samu da dukiya, bayan shekara kusan 600. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Amurka kuma Raj Ceti da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa cikin yaran da aka haifa a 1940, kimanin 90 cikin 100 sun girma sun fi iyayensu samu, amma cikin waɗanda aka haifa wajen 1980 rabi ne kawai suka kai ga haka. Ƙungiyar OECD, wadda mafi yawan ƙasashenta masu arziki ne, ta ƙiyasta a 2018 cewa gidan matalauci yana bukatar zuriya 4 zuwa 5 kafin ya kai matsakaicin samu a ƙasashen ƙungiyar. A Danmak zuriya 2, a Kolombiya zuriya 11.

Ka lura da tazarar da ke tsakanin 2 da 11. 'Yan Adam ne a nan, 'yan Adam ne a can, ƙwaƙwalwar jaririn Kolombiya ba ta gaza ta jaririn Danmak ba. Bambancin yana cikin abin da mutane suka tsara da hannunsu: makaranta, da asibiti, da haraji, da hanyar samun jari. Abin da hannun mutane ya tsara kuwa za a tambaye su a kansa, ba su da ikon jingina shi ga ƙaddara su wanke hannu.

Fasali na uku: hujjar masu cewa a bar jari

Adalci ne mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Suna cewa jari iri ne, wanda ya cinye iri ba ya girbi. Idan aka matsa wa jari da haraji, mai kuɗi zai daina tarawa, ba za a gina masaƙa ba, ba za a sayi injin ba, a ƙarshe ma'aikacin da ake son taimako shi zai rasa aiki. Masana biyu, Kenet Jad a 1985 da Kiristof Shamli a 1986, sun kafa lissafi mai nuna cewa idan zamani ya yi tsawo, abin da ya fi amfani ga kowa shi ne kada a ɗora wa samun jari haraji ko kaɗan. Wannan magana ta yi rinjaye a jami'o'i shekaru masu yawa.

Mu ma muna da shaida a kan haɗarin tsanantawa. Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya bayyana cewa daula a farkonta takan aza ɗan haraji ta tara mai yawa, a ƙarshenta kuma ta aza mai yawa ta tara kaɗan, domin zukatan manoma da 'yan kasuwa sun mutu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin ɗabi'un mulkin zalunci. Saboda haka babu mai ilmi da zai ce duk abin da hukuma ta karɓa adalci ne.

Sai dai lissafi a takarda daban, abin da ya auku daban. A 2003 Amurka ta rage harajin rabon hannun jari daga kashi 38.6 zuwa 15, da alkawarin cewa kamfanoni za su ƙara zuba jari. Wani masani, Dani Yagan, ya gwama kamfanonin da ragin ya shafa da waɗanda bai shafa ba, ya fitar da sakamako a 2015: bai ga ƙarin zuba jari ba, bai ga ƙarin albashin ma'aikata ba, abin da ya ƙaru shi ne kuɗin da ake raba wa masu hannun jari. A 2020 kuma wasu masana biyu suka sake bin lissafin Jad da Shamli daki-daki, suka nuna cewa a hali da yawa lissafin da kansa ba ya kai ga hukuncin da aka jingina masa. Ashe ba kowane sauƙi da aka yi wa mai dukiya ne ke gangarowa ga mai gumi ba.

Fasali na huɗu: riba ko uwar kuɗi

Yanzu mun iso zuciyar mas'alar. Idan an yarda dukiya tana da haƙƙi a kanta, to a riba za a ɗauka ko a uwar kuɗi? Ga misali. Mutum biyu, kowanne yana da naira miliyan 10. Na farko ya kulle tasa a akwati, shekara ta zagayo bai samu kome ba. Na biyu ya sari kaya ya shiga mota, ya ɗauki yara, ya sha rana, ya samu ribar miliyan 2. Ana bukatar naira 500,000 daga wurinsu. Idan a riba aka ɗauka, sai a karɓi kashi 25 na ribar mai himma, shi kaɗai ya biya duka, mai akwati bai ba da ko kwabo ba. Idan kuwa a uwar kuɗi aka ɗauka, kashi 2 da rabi, kowannensu ya ba da 250,000. Kuɗin da aka tara ɗaya ne, amma a hanya ta farko an hukunta wanda ya motsa, a ta biyu an zaburar da wanda ya kwanta.

Wannan shi ne abin da Fatihu Gubenen da abokan aikinsa suka bayyana a binciken da suka buga a 2023: ɗaukar kaɗan a uwar dukiya maimakon mai yawa a riba yana sa jari ya gudu daga hannun da ba ya juya shi zuwa hannun da ya iya. Almajirin da ya karanta babin zakka zai gane wannan magana tun kafin a ƙarasa ta. Zakkar kuɗi a kan uwar dukiya take, ɗaya cikin 40, idan ta kai nisabi, dinari 20 ko dirhami 200, kuma ta shekara. Dukiyar da aka binne ana fitar mata da zakka, ba a juya ta, cikin shekara 28 za ta koma ƙasa da rabi. Don haka ne aka ruwaito cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Umar ya umurci masu riƙon dukiyar marayu su yi kasuwanci da ita, don kada zakka ta cinye ta. Ka ga hikimar nisabi kuma: ƙaramin jari, wanda shi ne matakin farko na tsani, an bar shi ya yi ƙwari. Gidan zama da abin hawa da kayan sana'a babu zakka a kansu. Suratul Hashri kuwa, inda ta yi bayanin rabon fai'i, ta ambaci dalili, shi ne don kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Kada dai a ruɗe a haɗa abu biyu. Zakka ibada ce, Allah Ya ƙayyade adadinta Ya ƙayyade masu cinta, kashi 8 da ke cikin Suratu Tauba. Haraji tsarin hukuma ne, yana canzawa, biyansa ba ya sauke zakka. Kuma ba mu kawo binciken Turawa don ya gaskata shari'a ba, shari'a ba ta bukatar shaidarsu. Mun kawo shi don mai kasuwa ya ga da idonsa abin da yake aikatawa sa'ad da yake ƙirga kayan rumfarsa a ƙarshen shekara.

Ka sani kuma wannan hanya tana da wuya a hannun hukumomi. A 1990 ƙasashe 12 na ƙungiyar OECD suna karɓar haraji a kan uwar dukiya, a 2017 saura 4, a 2018 kuma Faransa ta taƙaita nata a kan gidaje da filaye. Daga cikin dalilai akwai wuyar kimanta dukiya, da yawan abin da aka keɓe, da gudun masu kuɗi zuwa inda ba a tambaya. Gabriyel Zukman ya ƙiyasta a 2015 cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na kuɗaɗen da gidajen duniya suka mallaka suna ajiye a irin waɗannan maɓoya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ne kuma ya gabatar wa ƙasashen G20 shawara a 2024, bisa roƙon Barazil, cewa masu dala biliyan, su kimanin 3,000 a duniya, kada abin da suke biya a shekara ya gaza kashi 2 na dukiyarsu. Dubi yadda adadin ya kusanci ɗaya cikin 40. Bambancin shi ne, hukuma tana bin mai dukiya da ɗan sanda da takarda, mumini kuwa ya san Wanda ba a ɓoye masa akwati.

Fasali na biyar: inda haƙƙin ya kamata ya sauka

Karɓa rabin aiki ne, rabin na biyu shi ne inda aka kai abin da aka karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi haraji ba ta gina makaranta ba, ba ta gyara hanyar kasuwa ba, ta ci amana, kuma ta koya wa jama'a ɓoyo.

Game da mu kuwa, akwai binciken da ya kamata kowane mai fitar da zakka ya sani. A ƙasar Bangaladesh wata ƙungiya mai suna BRAC ta ba matan gidaje matalauta dukiyar sana'a, mafi yawa shanu, a 2007. Masana suka bi gidaje kimanin 6,000 har shekara 11, suka buga sakamako a 2022. Suka ga akwai wani mataki: gidan da abin da aka ba shi, haɗe da abin da yake da shi, ya ƙetare wannan mataki, sai ya ci gaba da tarawa, ya bar ƙwadago ya koma kiwo da sana'a, wanda bai ƙetare ba sai ya zame ya koma inda ya fito. Ma'anar wannan ita ce, da yawa cikin matalauta ba lalaci ne ya ɗaure su ba, rashin abin farawa ne. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, ya kai Alhaji, dubi yadda ake rabon zakka a ƙofar gidaje da yawa. A tara mutum 500 a rana, a miƙa wa kowa abin cefanen kwana biyu, baɗi su dawo su 600. Zakka ta fita, amma babu wanda ya fita daga talauci. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara guda, ko da ya wuce nisabi. Shafi'awa kuma sun ce a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa, a ba ɗan kasuwa jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Tsoho da makaho da mara lafiya a ba su abin ci, wannan haƙƙinsu ne ba a taɓa shi. Amma saurayi mai ƙarfi da bazawara mai marayu, keken ɗinki ko injin niƙa ko tunkiya biyu da rago sun fi musu kuɗin cefane. Wanda ka ɗora a tsani bana, wataƙila bayan shekara 5 shi ma ya fitar da tasa zakkar.

Haka nan yaron da ya yi maka shekara 10 a rumfa, ya san kaya, ya san abokan ciniki, ya riƙe amanarka. Dukiyarka ta haihu da guminsa. Shari'a ta buɗe maka ƙofar ƙiradi: kuɗi naka, aiki nasa, riba a raba bisa abin da kuka ƙayyade tun farko, rabi ko sulusi, asarar da ba ta sakaci ba kuma a kan uwar kuɗi. Idan ka riƙe shi yana ɗaukar kaya har furfura ta fito masa, alhali kana da ikon yaye shi, kada ka ce Allah ne bai ba shi ba. Ta hannunka aka so a ba shi.

Kai kuma almajiri, ilminka jari ne wanda ɓarawo ba ya ɗauka, mai haraji ba ya ƙirgawa. Ka haɗa shi da sana'a da sanin lissafi, domin wanda bai iya ƙirga ɗaya cikin 40 ba, ba zai iya yi wa attajiri fatawa ba, ba zai iya kare haƙƙin maraya ba. Idan kuma Allah Ya ɗora ka a buzu mutane suna tambayarka, kada kyautar mai kuɗi ta sa ka sassauta masa ƙirga.

Kammalawa

Abin da ya tabbata daga abin da ya gabata shi ne: gumi a sauƙaƙa masa, ƙaramin jari a bar shi ya girma, ribar mai himma kada a tsananta mata, dukiya mai yawa kuwa, musamman wadda ke kwance, ita ta fi cancantar ɗaukar nauyi, abin da aka ɗauka kuma a kai shi inda zai zama matakin wani. Mai dukiya ba a zalunce shi da wannan ba. Kasuwar da yake sayarwa a cikinta, da hanyar da kayansa ke bi, da amincin da ya sa ya kwana bai ji tsoro ba, duk ba shi kaɗai ya gina su ba. Ranar da za a tambaye shi ta ina ya samu, a ina kuma ya kashe, babu dillalin da zai tsaya masa.

Allah Ya ba mu arziki na halal, Ya sa shi a hannunmu, kada Ya sa shi a zukatanmu. Allah Ya buɗa wa mai nema, Ya sanya albarka ga mai bayarwa, Ya shiryi masu mulki su riƙe amanar abin da suke karɓa. Allah ne Mafi sani.